Bagaruwa da Tsatsa: Yadda Tsohon Tebur Ya Koma Baƙi Ƙirin

A kusan kowane gida akwai wani tsohon kayan katako da aka rasa yadda za a yi da shi. A wani gida kujera ce, a wani akwatin da uwargida ta zo da shi ranar aure. Jikinsa da sauran ƙarfi, amma fuskarsa ta lalace, har mutum yana jin kunya baƙo ya gani. A gidanmu tebur ne na madaci, wanda ya haura shekara 30 yana yi mana hidima. A kansa muke cin tuwo, a kansa yara suke aikin makaranta. Tawada ta zuba masa, gindin kofin shayi ya bar masa zobe a wurare da yawa, tukunya mai zafi kuma ta ƙona shi a gefe ɗaya.

Muka kira kafinta ya duba. Ya ce hanya uku ce. Ko a sayi sabo, ko a lulluɓe shi da baƙin fenti, ko kuwa a shafe shi da baƙin man mota yadda ake yi wa katakon rufi. Da muka tambayi kuɗin sabo, muka tarar zai kusa cinye albashin wata guda, katakonsa kuwa bai kama ƙafar tsohon ba. Fenti yakan rufe zanen itace, bayan shekara biyu ya fara ɓarewa. Baƙin mai kuma ba abin da za a kawo kusa da abinci ba ne. Muka bar tebur a jingine a zaure, zuciyarmu ba daɗi.

Maganin bai fito daga wurin kafinta ba. A rumfar wani baduku muka same shi, a garin Jabo.

Abin da muka gani a Jabo

Jabo gari ne na manoma cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, a kudancin Jihar Sakkwato, ɓangaren da ya haɗa iyaka da Kebbe. Daga birnin Sakkwato zuwa Tambuwal kimanin kilomita 100 ne a kan hanyar Jega. Mun je ziyara lokacin hutun makaranta, muka shiga kasuwa domin a ɗinke mana igiyar jaka. Badukun dattijo ne. Muna zaune muna jira, sai muka ga ya tsoma tsumma cikin wani ɗan kasko mai ruwa gurɓatacce, mai wari kamar tsohuwar gasara. Ruwan ba baƙi ba ne, launinsa kamar na ruwan kududdufi. Ya goga tsumman a kan wata fata mai launin ƙasa-ƙasa. Kafin mu ƙifta ido sau goma, wurin da ya goga ya koma baƙi.

Muka ce, "Baba, wane irin fenti ne wannan da ba shi da launi sai ya hau fata?"

Ya yi dariya, ya ce, "Malam, wanga ba fenti na ba. Kuloko na. Kashin maƙera na da ruwa da ɗan zaƙi. Baƙin yana cikin fata, shi dai kiran shi ya kai."

Muka roƙe shi ya ɗiga mana kaɗan a kan ƙafar kujerar da muke zaune. Ya ɗiga. Wurin ya yi duhu, amma bai kai na fatar ba. Dattijon ya ce fata ta sha bagaruwa a hannun majemi, kujera kuwa ba ta sha ba. Wannan magana ce muka koma gida da ita.

Ga yadda aikin yake tun kaka da kakanni. Majema sukan jiƙa fata cikin ruwan toka domin gashi ya fita, su wanke ta, sa'an nan su jeme ta da dakakkun 'ya'yan bagaruwa, wadda wasu suke kira gabaruwa. Idan fata ta jemu, sai a ba ta launi. Ja daga karan dafi yake fitowa. Baƙi kuwa daga kuloko, watau kashin maƙera ko guntayen ƙarfe da aka jiƙa cikin ruwa tare da zuma ko sukari, aka bar su kwanaki har suka yi tsami. Fatar jan akuyar Sakkwato, wadda ake kiwon irinta har Maraɗi, ta daɗe da yin suna. Ayari ya riƙa ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda Turawa suka laƙa mata sunan ƙasar Maroko, suka riƙa yin bangon littattafai masu tsada da ita. Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Kano a 1851, ya ba da labarin girman cinikin fata da takalma a birnin. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar binciken fata wadda ta samo asali tun 1964.

Asirin abin

Ba sihiri a ciki. Abu biyu ne suke haɗuwa.

Na fari shi ne tanin. Shi ne abin nan mai bauri da yake ɗaure baki idan mutum ya tauna ɗanyar kanya, ko ya sha shayin da ya daɗe a kan wuta. Itatuwa da yawa suna da shi cikin ɓawo da ganye da 'ya'ya, yana kare su daga ƙwari da ruɓa. 'Ya'yan bagaruwa suna cikin waɗanda suka fi yawansa, gama sau da dama yakan kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsu idan an cire ƙwallayen.

Na biyu shi ne ƙarfe, amma narkakke cikin ruwa. Ruwa mai tsami yana cin ƙarfe a hankali. Wannan ne dalilin zuma ko sukari cikin kuloko: zaƙin yakan ruɓe ya zama tsami, tsamin ya narkar da ƙarfen.

Sa'ad da narkakken ƙarfe ya gamu da tanin, iska kuma ta buge su, sai su haɗu su zama wani sabon abu mai launin baƙi da ɗan shuɗi, wanda ruwa ba ya wanke shi. Kowa ya taɓa ganin wannan ko da bai lura ba. Wuƙar da aka yanka ɗanyen mangwaro da ita takan yi baƙi. Ƙusa a jikin ƙofar da ruwan sama yake duka takan yi baƙin zobe kewaye da ita. Shayi a cikin kofi mai tsatsa yakan yi duhu. Duk abu ɗaya ne.

Bambancinsa da fenti ke nan. Fenti riga ce da ake sa wa katako. Wannan kuwa cikin naman itacen yake faruwa, saboda haka ba ya ɓarewa, zanen itacen kuma yana nan ana gani, ana ji da yatsa.

Ba mu kaɗai muka san shi ba

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani babban itace mai ƙarfi da ake kira oak. Ba ya fitowa a ƙasarmu, amma can shi ne sarkin katako. Yana da tanin da yawa a jikinsa, har ba ya bukatar taimako: da an shafa masa ruwan ƙarfe sai ya yi baƙi. A ƙasar Ayalan ana tono kututturansa waɗanda suka kwana dubban shekaru cikin dausayi, a same su baƙaƙe har ciki, domin ƙarfen da ke cikin ruwan ƙasa ya yi musu wannan aiki a hankali.

Me ya sa Turawa suka damu da baƙin katako? Saboda wani itace mai tsada, dangin kanyarmu, wanda zuciyarsa baƙa ce wuluk. Ana samun irinsa a kurmin Kamaru da kudancin Nijeriya da Indiya. Da shi aka riƙa yin baƙaƙen maɓallan piyano. Sarakunan Masar ma sun ƙaunaci baƙin itace, an kuwa sami kayan ɗaki da aka yi wa ado da shi cikin kabarin Fir'auna Tutankamun da aka buɗe a 1922. Da yake ba kowa ne yake iya sayensa ba, kafintoci suka koyi rina katako mai araha ya yi kama da shi. A Ingila wannan yayi ya yi ƙarfi ƙwarai a ƙarni na 19. Wani mai zanen gine-gine, E. W. Godwin, ya tsara wani kabad a 1867 da katakon da aka rina baƙi, ana ajiye da irinsa a gidan kayan tarihi na Victoria and Albert a Landan.

Tawadar da Turawa suka yi rubutu da ita fiye da shekara 1,000 ita ma haɗin tanin da ƙarfe ce. Sukan ɗebo wasu ƙulle-ƙulle da ƙwaro yake haddasawa a jikin itacen oak, su daka, su haɗa da gishirin ƙarfe da ƙaro. Da irinta aka rubuta takardar Magna Carta a Ingila a 1215. A ƙasar Hausa ma, ban da tawadar allo ta gawayi da ƙaro wadda ake wankewa, malamai sun san tawadar takarda da ake haɗawa da bagaruwa da ƙarfe.

Idan muka dubi yamma, matan Bamana na ƙasar Mali suna da zanen da ake kira bogolan. Sukan jiƙa saƙi cikin ruwan ganyen marke ya yi rawaya, sa'an nan su yi masa zane da taɓon da aka ɗebo daga kogi aka ajiye watanni. Taɓon yana da ƙarfe, marke yana da tanin. Idan aka wanke taɓon, baƙin zane ya zauna. Ashe badukun Jabo, da matar Mali, da kafintan Landan, darasi ɗaya suka koya, kowa a makarantarsa.

Kuskurenmu na fari

Kada mai karatu ya zaci mun dawo gida muka ci nasara nan take. Sau biyu muka yi kuskure, muna kuwa faɗa domin kada wani ya maimaita.

Mun zuba ƙarfe da ruwan tsami cikin kwalba, muka murɗa murfi da ƙarfi domin kada yara su zubar. Kashegari da dare muka ji ƙara daga kicin, murfi ya yi tsalle, ruwan ya fantsama a bango. Ashe sa'ad da tsami yake cin ƙarfe yana fitar da wata iska mai suna haidurojin. Idan ba ta sami hanyar fita ba sai ta nema da ƙarfi, tana kuma kama wuta. Allah ya kiyaye, ba wanda yake kusa.

Na biyu, muka gwada ruwan a kan guntun katakon malaina. Ya yi toka-toka kamar jikin jaki, ya tsaya nan. Muka ƙara shafi uku, bai ƙara duhu ba. Sai muka tuna da maganar dattijo, cewa fata ta sha bagaruwa. Malaina da sauran fararen katako masu taushi ba su da tanin sosai. Madaci ya fi su, amma shi ma bai kai oak ba. Da muka fara shayar da guntun katakon ruwan bagaruwa, muka bi da ruwan ƙarfe, nan da nan ya yi baƙi.

Kayan aiki

Ba wani abu mai tsada. Ana bukatar ruwan kal lita ɗaya, irin farin nan da ake sayarwa a kantunan kayan abinci. Ana bukatar ƙarfe: soson ƙarfe mai laushi, ko garin ƙarfen da ke zuba a wurin mai walda, ko ƙananan ƙusoshi cike da tafin hannu. A lura, soson wanke tukunya mai ƙyalli wanda ba ya tsatsa ba shi da amfani a nan. Gwajinsa mai sauƙi ne: a jiƙa shi a bar shi ya kwana, in ya yi tsatsa to ya yi. Sai busassun 'ya'yan bagaruwa, waɗanda ake samu wurin masu kayan koli, ko a tsinto a gindin itacen a bakin fadama. Sai sanfefa mai kaushi da mai laushi, lamba 120 da lamba 220. Sai tsummoki masu tsabta, da robobi biyu, da banish ko kakin zuma na gamawa.

Haɗa ruwa biyu

Ruwan ƙarfe shi ake fara haɗawa domin yana ɗaukar lokaci. A wanke ƙarfen da sabulu mai ya fita, a sa cikin kwalba ko roba, a zuba ruwan kal ya rufe shi. A ɗaure bakin da ƙyalle, kada a sa murfi. A ajiye a inuwa, nesa da murhu, inda yara ba za su kai ba. Soso da garin ƙarfe sukan yi cikin kwana 3 zuwa 7. Ƙusoshi sukan kai mako biyu. Idan lokaci ya yi a tace da ƙyalle sau biyu, gama guntun ƙarfen da ya saura zai bar ɗigon tsatsa a kan aiki. Wanda ba ya samun ruwan kal sai ya bi hanyar dukawa, ya jiƙa kashin maƙera da ruwa da sukari, ya jira ya yi tsami, ko ya saya wurin baduku, wanda ya fi sauƙi, ya kuma taimaki mai sana'a.

Ruwan bagaruwa kuwa ana gobe za a yi aiki ake haɗa shi. A daka 'ya'yan a fitar da ƙwallaye, a zuba tafi biyu cikin lita ɗaya ta ruwan zafi, a bar shi ya kwana, a tace. A yi amfani da tukunyar ƙasa ko roba. Idan aka jiƙa cikin tukunyar ƙarfe ko kwano mai tsatsa, ruwan zai yi baƙi tun a can, ƙarfinsa ya ƙare kafin ya kai ga katako. Inda ba bagaruwa, ganyen shayi da aka dafa da kauri yana yi, amma sai an maimaita shafi da yawa.

Shirya katako

Wannan shi ne aiki mai gajiya, shi ne kuma wanda ba a tsallakewa. A cire makama da fata-fatan ƙarfe da duk abin da zai kwantu. A kankare tsohon banish ko fenti gaba ɗaya, har ainihin itace ya bayyana. Duk inda banish ko gam ko maiƙo ya saura, ruwa ba zai shiga ba, wurin zai fito kamar tabon kyasfi. A goge da sanfefa mai kaushi, a bi da mai laushi, kullum ana bin tsawon zanen itace, ba a gicciye ba. Bayan haka a shafa ruwa zalla da tsumma, a bar shi ya bushe. Za a ji katakon ya yi gashi-gashi. A sake bi da sanfefa mai laushi sama-sama. In ba a yi haka yanzu ba, gashin zai tashi bayan an yi rini, gogewa a lokacin kuwa za ta cinye baƙin.

Kafin a taɓa saman tebur, a gwada a ƙarƙashinsa inda ido ba ya gani. Kowane itace da halinsa.

Rinin kansa

A yi aikin a inuwa. A shafa ruwan bagaruwa da yawa, katako ya sha ya ƙoshi. A jira har ƙyallin ruwa ya ɓace amma da sauran danshi. Sa'an nan a ɗauki wani tsumma dabam a shafa ruwan ƙarfe, da sauri, daga wannan gefe zuwa wancan, ba tare da an tsaya a tsakiya ba. Cikin 'yan mintoci launi zai fara juyawa. Doka ɗaya ce mai muhimmanci: tsumman bagaruwa kada ya shiga robar ƙarfe, na ƙarfe kada ya shiga robar bagaruwa. Idan suka gauraya, tawada za a samu a cikin roba, wadda za ta zauna a saman katako kawai tana ɓata tufafi.

A bar shi ya bushe sarai. Da hunturu awa biyu ta isa, da damina sai a ba shi yini. A sake maimaitawa, bagaruwa sa'an nan ƙarfe. Teburinmu sau uku muka yi masa, muka rufe da shafin bagaruwa na ƙarshe. Madaci, kamar oak, yana da ƙananan ramuka a jikinsa waɗanda ruwa yake ƙin shiga, su fito fari-fari. Ɗigon ruwan sabulu ɗaya ko biyu cikin ruwan ƙarfe yana taimaka masa ya kutsa.

Idan ya bushe, kada gaba ya faɗi. Zai yi kama da allon makaranta da aka goge alli a kansa, toka-toka da ɗan shuɗi. Haka yake yi. A murje shi da busasshen ƙyalle har garin da ke sama ya daina kama hannu, a bar shi kwana biyu warin tsami ya fita. Sa'ad da banish ya hau, a lokacin ne baƙin yake fitowa ƙirin. Tebur da ake ci a kai yana son banish shafi biyu ko uku, a ɗakin da ƙura ba ta shiga. Kujera ko akwati kuwa kakin zuma ya ishe su, a narka shi, a shafa da ɗumi, a murje. Kada a sa man gyaɗa, gama ba ya bushewa, yana yin wari, yana kuma kiran kiyashi.

Gargaɗi ga iyaye

Baƙin nan bai shiga da zurfi ba, bai fi kaurin takarda kaɗan ba. Wuƙa ko ƙusa za ta iya ƙarce shi, amma gyaransa da sauƙi: a goge wurin, a ɗiga ruwan nan biyu, a mai da banish. Ba kuma maganin gara ba ne.

Kada a yi wa akushi ko ludayi ko turmi. Baƙin akushi da wuta da mai masassaƙa suke yinsa, a bar musu hanyarsu. Ruwan ƙarfe kuwa guba ne ga ƙaramin yaro idan ya sha, saboda haka a rubuta a jikin kwalbar, a ɗaga ta sama, abin da ya ragu a zubar a rami. Yana ɓata tufafi da siminti. Idan ya kama hannu, ruwan lemun tsami yana fitar da shi. Wannan ma ya nuna mana dalilin da ba a sa lemun tsami cikin haɗin, gama yana kashe baƙin.

Abu biyu kuma sun fi waɗannan nauyi. Na fari, baƙin man mota. Mun san ana shafa shi a katakon rufi saboda gara, amma kada ya hau tebur ko gadon yara. Ba ya bushewa, yana ɗauke da dattin inji, likitoci kuma sun yi gargaɗi cewa yawan taɓa shi yana iya kawo ciwon daji na fata. Na biyu, tsohon fenti. Wasu fentin mai, musamman masu launin rawaya da ja, suna da dalma a ciki. Idan aka goge su a bushe, ƙurar takan shiga abinci da hancin yara. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a faɗa musu abin da dalma take yi. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, maƙwabtanmu, yara kimanin 400 suka mutu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Na fenti bai kai wannan yawa ba, amma ko kaɗan yana dakushe ƙwaƙwalwar yaro. Wanda zai kankare tsohon fenti ya yi a waje, ya jiƙa shi da ruwa, ya rufe hanci, ya kori yara da mata masu ciki daga wurin, ya tattara abin da ya zuba ya binne.

Me ya sa tsohon tebur ya cancanci wahalar nan?

Wani zai ce, duk wannan aiki saboda tebur ɗaya? Bari mu dubi daji. Dattawan Tambuwal da Kebbe suna iya nuna wuraren da dā madaci da kirya da marke suke, yanzu sai gona ko fili. Madaci yakan yi shekaru masu yawa kafin ya isa tsagawa. Madobiya ta sha sara sabili da kasuwar ƙasar Sin, har yarjejeniyar duniya ta kare namun daji da itatuwa, wadda ake kira CITES, ta sa ta cikin jerin waɗanda ake ƙayyade cinikinsu daga 2017, a 2018 kuma aka nemi a dakatar da sayenta daga Nijeriya. A taron da aka yi a Panama a 2022 aka ƙara madaci da kawo cikin jerin. Sakkwato tana cikin jihohi 11 na bakin hamada da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Duk tsohon teburin madaci da aka jefar, ko aka faskara aka hura wuta da shi, ba lalle jikokinmu su sami irin katakonsa ba ko da suna da kuɗi.

Akwai kuma sana'ar kanta. A rumfar nan ta Jabo, gefen kaskon kuloko, mun ga kwalaben rini na kanti. Sun fi sauri, yara masu koyo kuma su suka fi so. Ba laifi ba ne mutum ya nemi sauƙi. Amma idan masu haɗa kuloko suka ƙare ba wanda ya koya, za mu wayi gari muna sayen abin da kakanninmu suke yi da tsinton bagaruwa da sharar maƙera. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Malaman makaranta ma suna da riba a nan. Da kofi biyu, ɗaya na ruwan bagaruwa ɗaya na ruwan ƙarfe, ana iya nuna wa aji guda yadda abu biyu marasa baƙi suke haifar da baƙi, ba tare da ɗakin gwaji ba. Mun yi wa yaranmu, har yau suna maganarsa.

Teburinmu ya koma tsakar ɗaki. Tabon tawada ya ɓace, ƙunar tukunya sai wanda ya san wurin yake gane ta, zanen madaci kuwa yana nan yana walƙiya idan hasken fitila ya buge shi. Kafintan da ya ba mu shawarar baƙin mai ya zo ya shafa shi da hannu, ya tambayi sunan fentin. Muka ba shi sauran bagaruwar da kwalba guda.

Wanda yake da tsohuwar kujera a jingine, ya fara da ita kafin ya taɓa babban kaya. Lokacin hunturu ya fi dacewa, sa'ad da 'ya'yan bagaruwa suka bushe, aikin gona kuma ya yi sauƙi. Idan kun gwada a kan kirya ko doka ko wani itacen da ke ƙasarku, ku rubuto wa Edita ku faɗi yadda ya fito, domin sauran masu karatu su amfana.